Riƙon Ƙwarya

Idan aka ce yaro zai tafi ƙasar waje, lissafi ɗaya jama'a ke yi, wato na abin da zai samo. Maƙwabta su lissafa dala, abokai su lissafa waya da takalmi, dattawa su lissafa ilimi, su ƙara da cewa tafiya mabuɗinsa ce. Da wuya a sami wanda zai tsaya ya lissafa abin da matafiyin zai sauke kafin ya ɗaga ƙafa. Alhali kuwa duk saurayin da ya haura shekara ashirin a gidan da ake awo kullum, ba a ajiye buhu, to akwai ƙwarya a hannunsa, wani lokaci biyu ko uku, akwai kuma bakunan da ke sha daga cikinsu. Ba shi da hannun karɓar tikitin jirgi sai ya sami wanda zai riƙe masa. Wannan shi ne riƙon ƙwarya, maganar da muka saba ji a rediyo idan an naɗa shugaba na wucin gadi, har muka manta cewa ƙwarya kayan tsakar gida ce tun kafin ta shiga ofis.

Ni wata bakwai na yi ina neman masu riƙe mini. A damunar 2022 na cika takardun neman shiga shirin Fulbright, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 1946 bisa shawarar Sanata J. William Fulbright. A cikin rassan shirin akwai wanda ke ɗaukar matasan malamai daga ƙasashe daban-daban, a rarraba su a jami'o'in Amurka, su yi shekarar karatu guda suna koyar da harshensu na gado, su ma suna ɗan taɓa karatu, sa'an nan su komo gida, domin komowar tana cikin sharuɗɗa. Hausa na daga cikin harsunan da ake nema. A farkon 2023 aka sanar da ni cewa sunana ya haye, in an sami jami'ar da ta karɓe ni zan tashi a watan Agusta. Shekarata 26 a lokacin. Na karanta Turanci a jami'a, na yi hidimar ƙasa, ina koyarwa da safe a wata makaranta mai zaman kanta a kan albashin da ba ya ganin tsakiyar wata. Ni ne ɗan fari. Mahaifinmu ya rasu ina ajin farko a jami'a, ya bar Umma da mu huɗu a wani ɗan gidan ƙasa da ke gindin Dutsen Dala a birnin Kano.

A cikin takardun da na cika akwai gurbin da ke tambayar abin da mutum ke yi don jin daɗin ransa idan ba ya bakin aiki. Tambayar mai sauƙi ce ga wanda ya tashi a inda aka raba yini gida biyu, nan aiki, can hutu. A wurinmu kuwa katangar da ke tsakanin sha'awa da sana'a gajeriya ce, ɗan akuya ma tsallake ta yake yi. Yaron da ke son kwance rediyo ya ga cikinta, ba ya rufa shekara sai ka tarar da shi a kasuwar waya ta Farm Centre riƙe da sukundireba. Yarinyar da ke zana wa ƙawayenta lalle don wasa, kafin ta ankara amare sun fara yi mata layi. Talauci ba ya barin sha'awa ta yi kiwo sake; da ya ga ta yi ɗan ƙwari sai ya ɗaura mata mangala. A gurbin nan na rubuta kiwon tattabaru da karatun littattafan Hausa. Sauran abubuwan da suka cinye yinina babu gurbinsu a takardar. Bayan sallar asuba ina wurin tattabaru, daga ƙarfe takwas zuwa biyu ina aji, daga nan zuwa yamma liƙis ina ƙarƙashin laimar POS, bayan magariba ina soro da yaran lesin, Asabar da Lahadi kuwa ina rumfar wankin hula.

Zaman POS shi ne sabo a cikinsu, shi ne kuma ya fara gwada ni a shekarar. Na'urar da jarin na wani maƙwabcinmu ne, ni zama kawai nake yi, a sallame ni kullum da yamma. A watan Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin takardun N200 da N500 da N1,000, aka sa 31 ga Janairu wa'adin tsofaffin, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffi suka koma banki, sababbi ba su wadata ba. Kano, garin da ciniki ke numfashi da tsabar kuɗi, ta wayi gari ana sayen naira da naira. Na ga magidanci da dubban ɗaruruwa a asusunsa yana roƙon N1,000 ta cefane. Na ga mai awara da ciniki ya cika mata waya, amma mai waken suya da ya shigo daga ƙauye ya ce shi bai san tiransifa ba. Abin da ya fi wuya shi ne ranakun da sabis ke cijewa, kuɗi ya fita daga asusun mutum bai iso namu ba, ga shi tsaye a gabanka yana rantsuwa, kai kuma dukiyar wani ce a hannunka. Sai na sayi ɗan littafi na N100, duk wanda kuɗinsa ya maƙale in rubuta sunansa da adadin, in ce ya tafi, in ya shigo zan ajiye masa. Akwai makon da sunaye suka haura talatin. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, na soke kowane suna a littafin, ba wanda ya bi ni, ba wanda na bi.

Wannan ƙwarya ba ta yi wuyar samun mai riƙo ba, domin samari goma ne ke jiran kujerar. Abin da ya yi wuyar miƙawa shi ne sirrin wata dattijuwa da muke kira Iya. Ɗanta yana aiki a Fatakwal, yana turo mata kuɗi duk wata. Takan zo da katin banki ƙulle a bakin mayafinta, tare da 'yar takardar da aka rubuta mata lambar sirri, ta miƙo mini duka biyun ta ce, "Ɗan nan, kai ne idona." Ban ga yadda zan tafi in bar idon Iya a hannun wanda ban san halinsa ba. Tun da ba ta san lambobin boko ba, sai na nuna mata cewa madannan na'urar a jere suke uku-uku kamar jeren kwanon amarya, ta riƙe wurin kowanne: na sama daga hagu, na tsakiya, na ƙasa daga dama, a sake na tsakiya. Na zana mata su a kwali ta tafi da shi gida. Mako biyu tana bita. Ranar da ta danna da kanta na'urar ta fito da rasit, ta yayyaga 'yar takardar nan a gabana, ta watsa a kwata, ta tafi ba ta ko waiwayo ba.

Wankin hula kuwa gadon wajen uwa ne. Kawu, yayan Umma, yana da rumfarsa a bakin titi tun kafin a haife ni, ni kuma na fara da ɗebo masa ruwa ina ɗan shekara goma sha biyu. Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka wanki ne kamar kowane wanki. Hula ba ta son gaggawa. Da farko a ware su, farare gefe, masu duhu gefe, jajaye su kaɗai a bahonsu. A jiƙa, a bi bakin hular da buroshi mai laushi, domin nan gumi da man kai ke taruwa, a kuma bi zare yadda allura ta kwantar da shi, in aka gitta masa sai ya tashi. A ɗauraye, a tsoma a ruwan sitaci, a matse da tafin hannu ba tare da murɗawa ba, sa'an nan a ɗora a kan gungumen icen da aka sassaƙa da siffar kai, a ja ta har ta zauna daidai, a jera a rana. Kowane gungume da lambarsa. Wanda ya cusa hula mai lamba 22 a gungumen 23 ya raba ta da mai ita ke nan har abada.

Kawu ba ya rubuta sunan kowa. Hula ɗari za ta kwana a rumfar, zanna bukar da damanga da tangaran da minista, har da tsofaffin mu-haɗu-a-banki na dattawa, amma bai taɓa ba wani ta wani ba. Yakan ce hula ba ta rufa wa mai ita asiri: ta mai yawan sujada gabanta ke fara koɗewa, ta mai hawan babur ƙura ke shige mata ta gefe, ta ango kuwa ko an wanke sau uku turare bai gama fita ba. Wata rana aka kawo wata 'yar Bama mai ƙananan soki, ya ɗaga ta a haske ya ce in duba. Ya tuna mini cewa tun da garin Bama ya watse a 2014, da yawa daga masu wannan ɗinki a Maiduguri suke zaman gudun hijira, allurar ce kawai suka tsira da ita. Ya ce, "Ka ga wannan, ɗana? Idon wani ne ya ƙare a cikinta. In ka murɗe ta, idon ka murɗe." Shekarar zaɓe ce, jajayen huluna sun cika gari. Wani mai son jan magana ya tambaye shi ko siyasa ce ta sa yake ware su. Kawu ya ce shi bai san jam'iyya ba, abin da ya sani ja yana zuba.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. A goman ƙarshe, da an idar da asham muke buɗe rumfa, ba ma rufewa sai an fara kiran sahur, kowa yana son hularsa kafin hawan idi. Fatar yatsuna ta yi fari ta tattare, bayana ya ƙage, amma a waɗannan darare na cika rabin littafin da nake tara kalmomi. Rumfar mai wankin hula majalisar harshe ce. Basakkwace ya zo ya ce ɗansa "shina" tafe da kuɗin, hular kuma "hwara" ce. Bakano ya yi masa dariya, shi ma Bagobirin Maraɗi ya yi wa Bakanon. Ni dai hannu na cikin baho, kunne na waje. Na san akwai ranar da wani ɗalibi zai tambaye ni wace ce Hausar gaskiya, ina so in amsa masa da muryoyin mutane.

Yaran lesin su ne suka yi mini jarrabawar da ta fi ta ofishin jakadanci zafi. Su goma sha ɗaya ne, 'ya'yan maƙwabta, muna zama a soron gidanmu ƙarƙashin fitila mai caji. Wasu iyayen kan biya da kuɗi, wata uwar da kwanon awara, wani uban da alkawari. Ina koya musu karatun boko da Hausa da Turanci, ranar Alhamis da dare kuma in karanta musu labari daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, littafin da dama don 'yan makaranta aka rubuta shi tun a shekarun 1930. Nan sha'awata ta karatu ta sami nata mangalar. Wata rana wata yarinya 'yar shekara bakwai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya?" Kafin in gama ba ta amsa wani ya ce haka ma gari na zama da gari na tuwo. Bahaushe yana rarrabe su da hawa da saukar murya da kuma jan wasali, abin da bakinsa ya iya tun yana goye, amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa. Daren nan na fara tunanin yadda zan koya wa baligin da bai taɓa jin Hausa ba abin da jaririnmu ke sha a nono. Na shiga gwada dabaru a kan yaran: in ɗaga hannu in sauke tare da murya, in buga tafi ɗaya ga gajeren wasali, biyu ga dogo. Duk dabarar da ta sa su hamma in soke ta. Wadda ta rage ita na rubuta a takardar tsarin darasina.

Tattabaru kaɗai ne ban taɓa ɗora wa kaya ba. Na mahaifinmu ne. Shi ya jera musu tsofaffin tukwane a jikin katangar bayan gida, ya kifa langa-langa a sama saboda ruwa da shaho. Da ya rasu sun kai ashirin, a hannuna suka haura arba'in. Tattabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta kamar kwana goma sha takwas, kuma ba ita kaɗai ke kwancin ba: namijin ya karɓe ta da hantsi, ita ta karɓa da yamma ta kwana a kai. In an ƙyanƙyashe, su biyun ke ɗura wa 'ya'yan wani farin abu kamar kindirmo daga maƙoshinsu, har su yi kamar mako huɗu su zama 'yan shila. A gidanmu ba a sayar da 'yan shila. Na mai jego ne da mara lafiya, haka mahaifinmu ya tsara, haka na tarar. Ladana shi ne rabin sa'ar nan ta bayan asuba, in watsa musu dawa, in canja musu ruwa, in buga tafi su tashi gaba ɗaya, su kewaya Dala sau biyu ko uku, fukafukansu na ɗaukar hasken farko, su sauko ɗaya bayan ɗaya. A duk yinin, wannan ne lokacin da ba wanda ke bina komai.

Shirin ya ɗauki nauyin jirgi da zamana a can, amma akwai hidimomin da ke gaban jirgi: gwajin lafiya da alluran riga-kafi, karɓo takardun shaidar karatu, zuwa Abuja da kwana a can. Kuɗin hular sallah ya tafi a kayan sallar ƙannena da rabin waɗannan. Sauran rabin tattabaru suka biya. A farkon Mayu na zaɓi goma sha biyu, maza shida mata shida, na sayar wa wani mai kiwo a wata unguwa da ke bayan ganuwa. Kwana uku bayan nan na fito da asuba na tarar da biyu daga cikinsu zaune a bakin tukunyarsu ta da, suna gyaran gashi kamar ba inda suka je. Na kama su na mayar, domin na riga na ci kuɗinsu. Mutumin ya yi abin da masu kiwo ke yi, ya fige musu dogayen gashin fiffike a gabana. Ya ce kafin gashin ya sake fitowa sun saba da gidan, in kuwa macen ta yi ƙwai, to ko an kore su ba za su tafi ba.

Da na dawo na ba da labarin a tsakar gida. Umma, kamar sauran iyaye mata na garinmu, ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta bakin ƙannena take bi ko ina zaune a gabanta. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, ta ce wa ƙanwata, "Ai haka ake yi a can ma. Ba ɗaure mutum suke yi ba. In ta yi ƙwai, shi ke nan." Ƙanwata ta yi dariya, ni ban yi ba. Unguwarmu tana da gidajen da ɗansu ya tafi Saudiyya ko Libiya ko Ingila da alkawarin shekara guda, har aka aurar da ƙannensa ba shi.

A ranar 29 ga Mayu, ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati, aka sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da farashinta na gwamnati bai kai N200 ba ta haura N500. Kuɗin adaidaita sahu ya ninka, kwanon masara ya bi shi, ɗan garuwa ma ya ƙara wa jarka. A makon ne takardar jami'ar da ta karɓe ni ta iso. Na zauna na baje lissafin gidanmu a takarda. Albashina ke yin awo da kuɗin makarantar Auta. Sallamar POS ke yin cefane. Kuɗin hula ke sayen maganin hawan jinin Umma da ruwa. Kuɗin lesin ke kai ƙanwata kwalejin ilimi ya dawo da ita. In na tafi, biyun farko sun tafi tare da ni, abin da zan iya turowa kuwa sai na sauka na ga yadda ƙasar take. Na kai wa Kawu takardar, na ce ina ganin zan rubuta musu in ce su ba wani. Ya duba, ya ninke, ya miƙo mini ya ce, "Wannan shari'a ba tawa ba ce. Kai wa uwarka."

Umma ta saurare ni har na gama. Sa'an nan ta juya ga Auta, wanda ke da shekara goma sha ɗaya, ta ce, "Auta, da mahaifinku ya rasu wa ya riƙe gidan nan?" Ya ce, "Yaya." Ta ce, "Kafin ranar shi ke riƙe da shi?" Ya ce, "A'a." Ta ce, "Ashe gida ba ya rasa mai riƙo. Ka gaya wa yayanka, waccan tafiyar ba ta da ranar dawowa, ga mu kuma ba mu mutu ba. Tasa kuwa da ranarta a rubuce." Washegari ta sa aka sauko mata da babban kaskon suyar ƙuli-ƙuli da ta jingine tun da na fara ɗaukar albashi. Na ce zafin wuta bai dace da jininta ba. Ta ce wa Auta ya gaya mini hannunta bai mutu ba, kuma da sanyin safiya za ta riƙa yi.

Daga nan aka shiga rabon ƙore. Ƙanwata ta karɓi lesin, dama koyarwa take karanta, cikin mako guda yaran suka fara gaya mini cewa Anti ta fi ni iya ba da labari. Auta ya karɓi tattabaru da sharaɗin mahaifinmu a kan 'yan shila. Rumfar hula ce ta zo da gardama. Ƙanena mai shekara goma sha bakwai ya gama jarrabawar fita sakandare ke nan, yana cikin shekarun da idon abokai ya fi rana zafi. Ya bi ni rumfar ba musu, amma sai ya ja bahonsa can ciki, ya juya wa titi baya. Kawu bai yi masa wa'azi ba. Ranar Asabar da yamma ya ƙirga masa ladansa a hannu, ya ce kada ya ba ni, ya kai wa mahaifiyarsa da kansa. Washegari da aka sauke tuwon dare, Umma ta kira sunansa, tun da shi babu kunya a tsakaninsu, ta ce kowa ya sani yau miyarsa ake ci. Asabar ta gaba na tarar ya fito da bahon bakin titi. Ni kuma na roƙi Kawu abu ɗaya, cewa safiyar yaron ta littafi ce har ya rubuta jarrabawar shiga jami'a, domin na san yadda kuɗin hannu ke yi wa karatu kishiya. Kawu ya ce ya ji, ya kuma ɗauka.

A watan Yuli, ana tsakiyar damuna, na shiga kasuwar Ƙofar Wambai neman rigar sanyi a wurin 'yan gwanjo. Mai shagon ya tono mini wata daga ƙasan dila, mai nauyi kamar bargo biyu, wadda ya ce ta shekara ba wanda ya taya. Na saka ta ina gumi, yaran shago na dariya. Da ya ji inda za ni, sai ya rage mini kuɗi ya ce, "Ai daga can ta zo. Taimaka ka mayar da ita gida."

Makon ƙarshe na wayi gari hannuna babu komai, abin da rabona da shi tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Ina kwance na ji tafin Auta da tashin fukafukai. Na ji ƙanena yana jan baho, na ji ƙamshin gyaɗa daga madafa. Na fito na zauna a soro kamar baƙo, na ga gida yana tafiya. Akwai daɗi a ciki, akwai kuma wani ɗan ɗaci da ba zan ɓoye ba, domin mutum yakan so a ce ba a iyawa sai da shi. A zaman nan na bi ƙoren ɗaya bayan ɗaya na ga babu wadda na sassaƙa da hannuna. Tattabaru na mahaifina ne, rumfa ta Kawu ce, na'ura ta maƙwabci ce, yaran na iyayensu ne. Hausar ma da zan ƙetare teku da ita, a bakin Iya da Kawu da Basakkwacen nan da 'yar shekara bakwai na tsince ta. Miƙo mini aka yi na riƙe, lokacin miƙawa ya yi na miƙa.

Daren da zan tafi Kawu ya zo gida, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya kawo mini huluna huɗu da ƙanena ya wanke, ya kuma zaro wani abu daga buhu ya ajiye a gabana. Gungume ne mai lamba 22, wanda ya yi baƙi ya yi santsi saboda daɗewa, na san shi tun ina ɗebo ruwa. Ya ce ya ji labarin ƙasar babu mai wankin hula, bai kuwa yarda ɗansa ya tsaya gaban ɗalibai da hula a lanƙwashe ba. Na fara godiya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Ba kyauta na ba ka ba. Riƙo ne. Ina da masu lamba 22 da yawa, kafin babbar sallah ta baɗi ina son abina." Kilo 23 aka yarda wa jaka ta ɗauka, tawa kuwa ta riga ta cika. Na buɗe ta na cire takalmi ɗaya da littattafai biyu, na naɗe gungumen a cikin rigar gwanjo, na danna shi a tsakiya. Umma tana bakin ƙofar ɗakinta tana kallo, ta ce wa Auta ya gaya wa yayansa ya ja zif ɗin a hankali kada ya ɓalle.